Kyaftin Ma Akwai Mai Gwada Shi

A watan nan za mu ɗaga kai mu dubi sama, domin tambayar da iyaye da samari suka yi ta aiko mana ita ce ta aikin tuƙin jirgin sama: ina ake farawa, ina kuma ake ƙarewa? Mutane da dama sun ɗauka cewa da zarar mutum ya zama kyaftin, an liƙa masa igiya 4 a kafaɗa, to ya gama, babu sauran wanda zai ce masa gyara zamanka. Abin ba haka yake ba. Akwai wani matuƙin da aikinsa shi ne ya zauna ya zuba wa kyaftin ido, ya gwada shi, kana ya sa hannu a takarda cewa wannan ya cancanci ya ci gaba da ɗaukar mutane, ko kuwa a sauke shi ya koma horo. Shi ne za mu kira matuƙi mai jarrabawa, kuma shi ne abin maganarmu a yau.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Duk shekara alhazanmu suna tashi daga Garwa da Duwala da Yawunde zuwa ƙasa mai tsarki, 'yan kasuwarmu suna hanyar Dubai da Sin, ɗalibanmu suna hanyar Masar da Turkiyya. Duk wanda ya hau jirgi ya ɗaura ɗamara, ya miƙa ransa ga mutum 2 da ke gaba waɗanda bai taɓa gani ba. Ba shi da halin tambayarsu takardu. Abin da ya dogara da shi, bayan ikon Allah, shi ne sa hannun wani mutum na uku wanda ya gwada su watannin baya.

Bari mu fara da tsanin, domin ba a faɗo wa wannan muƙami daga sama. Ƙa'idodin lasin matuƙa na duniya suna fitowa ne daga hukumar ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Shikago ta shekarar 1944, hedkwatarta kuma tana Montreal a ƙasar Kanada. Kowace ƙasa tana da hukumarta da ke ɗora nata dokoki a kan wannan tushe, kamar yadda muke da CCAA a nan Kamaru. Matakin farko shi ne lasin tuƙi na ƙashin kai, wanda ake ba wanda ya kai shekara 17 kuma ya yi aƙalla awa 40 a sama. Da shi mutum zai iya tuƙa ƙaramin jirgi, amma ba zai karɓi ko sisi ba a kan tuƙin. Na biyu shi ne lasin sana'a: shekara 18, da awa 200, ko awa 150 idan a makarantar da hukuma ta amince da tsarinta aka yi karatun tun daga farko har ƙarshe. A kan wannan sai a ƙara shaidar tuƙi da na'urori kaɗai, watau cikin gajimare inda ba a ganin ƙasa, da shaidar tuƙa jirgi mai inji fiye da 1.

Na uku shi ne babban lasin, wanda sai da shi ake zama kyaftin na jirgin fasinja. A ƙa'idar ICAO sai mutum ya kai shekara 21, a Amurka kuwa 23, kuma ya tara awa 1,500, a ciki da awa 100 na dare, da 75 na tuƙi da na'urori, da 200 na tafiya daga gari zuwa gari. Bugu da ƙari, kowane irin babban jirgi yana da tasa shaidar daban. Wanda ya iya Boeing 737 ba zai shiga Airbus A320 ya tayar ba, sai ya koma aji an koya masa shi tun daga farko.

To yanzu a yi lissafi. Dokar Turai ba ta yarda matuƙi ya wuce awa 900 a sama cikin shekara guda ba. Saboda haka yaron da ya fito makaranta da awa 200, ko da ya sami aiki washegari, kuma ana cika masa iyakar awoyinsa, sai ya yi kusan shekara 1 da rabi kafin ya kai 1,500. A zahiri abin ya fi haka daɗewa, domin sau da yawa neman aikin farko shi ne ya fi komi wuya. Daga nan zai yi shekaru a kujerar dama a matsayin mataimaki, yana jiran layi ya zo kansa, kafin a kai shi kujerar hagu ta kyaftin. Sai bayan ya nuna a kan wannan kujerar ne kamfani zai fara tunanin ko ya isa ya koyar da wasu.

Koyarwa ita ce ƙofar jarrabawa. Bari mu ɗauki ƙa'idar Turai ta zama misali, tun da ƙasashe da yawa da ita suke koyi. Kafin a ba mutum shaidar malamin wani irin jirgi, sai ya yi awa 1,500 a jiragen da matuƙa 2 ke tuƙawa, kuma ya yi tashi da sauka 30 a wannan jirgin cikin watanni 12 da suka wuce. Sa'an nan ya shiga kwas na musamman, inda awa 25 na dabarun koyarwa ne zalla, domin iya abu daban, iya koyar da shi daban. Idan yana son ya hau zuwa mai jarrabawa, sai a cikin awoyinsa akwai aƙalla 500 da ya yi yana kyaftin, kuma ya koyar na awa 50 a kan wannan jirgin. Za a duba tarihinsa, a tabbatar hukuma ba ta hukunta shi ba cikin shekara 3 da suka wuce. A ƙarshe zai gudanar da jarrabawa ta gaske, sufeton hukuma yana zaune a bayansa yana kallon yadda yake yi.

A Amurka tsarin ya ɗan bambanta. Kamfani ne ke zaɓar kyaftin daga cikin ma'aikatansa ya miƙa sunansa, hukumar FAA ta amince ko ta ƙi. Ana koya masa yadda ake auna matuƙi, da yadda ake gane wanda horonsa bai ishe shi ba, da yadda ake gane halin mutum da zai iya jawo haɗari, da abin da za a yi idan wani ya faɗi. Ana kuma horar da shi ya iya tuƙi daga kujerar hagu da ta dama duka, saboda ranar da zai zauna kusa da sabon kyaftin, shi ne zai karɓe jirgin idan abu ya ɓaci.

Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa, amma a wannan sana'a dole ya miƙa wuya. Shaidar mai jarrabawa a Turai shekara 3 take yi, kuma ba za a sabunta ta ba sai ya halarci kwas na tuni, an kuma sake kallonsa yana gwada wani. A Amurka sai an kalle shi cikin kowane wata 24. Ban da wannan, shi ma matuƙi ne kamar kowa: ana gwada tuƙinsa, yana zuwa wurin likita duk shekara, idan ya kai shekara 60 kuwa duk wata 6, kana a shekara 65 ya ajiye tuƙin jirgin fasinja tsakanin ƙasashe.

Mene ne aikin nasa a kullum? Kashi 2 ne. Na farko a cikin na'urar kwaikwayon jirgi ake yinsa. Wannan wani ɗaki ne da aka ɗora bisa dogayen ƙafafu masu motsi, cikinsa daidai da ɗakin tuƙin jirgi na gaske, har da ƙara da girgiza da hoton filin jirgi a tagogi. Mafi inganci a cikinsu, masu daraja ta D, sun kai matsayin da ƙwararren matuƙi zai iya koyon sabon jirgi a cikinsu kaɗai. Ƙa'idar ICAO ta ce a gwada ƙwarewar kowane matuƙin kamfani sau 2 a shekara. Matuƙa 2 za su zauna a gaba, mai jarrabawa yana bayansu da allonsa, zaman yakan kai awa 4. Jirgi yana tsakiyar gudu a kan titi, ya kai saurin da babu sauran tsayawa, sai ya danna ya kashe musu inji guda. Suna cikin fama da wannan sai ya rufe filin da hazo, ko ya kunna ƙararrawar gobara, ko ya aiko da iskar da ke danna jirgi ƙasa. Abin da ba za a taɓa gwadawa da fasinja a ciki ba, a nan ake gwada shi, a maimaita har sai hannu ya saba.

Kashi na biyu a cikin jirgi na gaske ne, a tafiya ta yau da kullum, galibi sau 1 a shekara. Mai jarrabawa yakan zauna a ƙaramar kujerar da ke bayan matuƙan, ya yi shiru da alƙalaminsa. Yana duba yadda kyaftin ya karanta rahoton yanayi, da yawan man da ya ce a zuba, da ko ana bin jerin abubuwan dubawa layi bayan layi ko kuwa ana tsallake, da ko ana hirar duniya a lokacin tashi da sauka. Mafi muhimmanci, yana duba yadda mutanen nan 2 ke magana da juna: idan ƙaramin ya ga kuskure, yana faɗi? Idan ya faɗa, babban yana saurare?

Wannan batu na ƙarshe da jini aka koye shi. Ranar 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, jiragen Boeing 747 guda 2 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Har yau babu haɗarin jirgi da ya kai shi yawan rayuka. Kyaftin ɗin jirgin KLM na ƙasar Holan, Jacob Veldhuyzen van Zanten, shi ne shugaban masu horarwa a kan irin wannan jirgi a kamfaninsu, kuma shi ne ya gwada mataimakin da ke zaune kusa da shi watanni kaɗan kafin ranar. Ya fara gudun tashi alhali hasumiya ba ta ba shi izini ba. Injiniyan jirgin ya nuna shakku ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, daga nan babu wanda ya ƙara cewa uffan. Bayan wannan da wasu haɗurra irinsa ne aka shigo da darasin aiki tare a ɗakin tuƙi, wanda kamfanin United na Amurka ya fara koyarwa a 1981, yanzu kuma ya zama dole a ko'ina. Darasin da ke ciki ga mai jarrabawa shi ne girman muƙaminsa kansa yana iya rufe bakin na kusa da shi.

Ba sai mun je nesa ba. Da yawa daga cikinmu suna tune da daren 5 ga Mayu, 2007, lokacin da jirgin Kenya Airways ƙirar Boeing 737-800 ya tashi daga Duwala cikin hadari zai tafi Nairobi, ya faɗi a fadamar Mbanga Pongo ƙasa da minti 2 bayan tashi. Mutum 114 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Rahoton binciken da hukumarmu ta fitar a 2010 ya nuna cewa kyaftin ya nemi a kunna na'urar da ke tuƙi da kanta, amma ba ta kama ba, kuma babu wanda ya lura. Jirgin ya yi ta karkata dama sannu a hankali cikin duhu babu mai riƙe da shi, da ƙararrawa ta yi ƙara kuma kyaftin ya ruɗe, gyaran da ya yi sai ya ƙara dagula abin. Kyaftin ɗin yana da shekara 52, mataimakinsa 23, kuma rahoton ya kwatanta mataimakin da mutum mai kawaici wanda kwarjinin kyaftin ya danne. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne cewa malamai da masu jarrabawa sun sha rubuta raunin wannan kyaftin a takardunsa shekaru kafin haɗarin. An gani, an rubuta, amma maganin da aka yi bai kai girman ciwon ba.

Haka kuma a Taiwan, ranar 4 ga Fabrairu, 2015, injin jirgin TransAsia guda ya daina aiki jim kaɗan bayan tashi, kyaftin ya kashe ɗaya injin mai lafiya, mutum 43 suka rasu. Bincike ya gano cewa a 2014 ya taɓa faɗuwa a gwajin na'urar kwaikwayo, har da batun mutuwar inji, daga baya aka sake gwada shi ya wuce. A Amurka ma, kyaftin ɗin jirgin Colgan da ya faɗi kusa da Buffalo a watan Fabrairu na 2009, inda mutum 50 suka mutu, ya sha faɗuwa a jarrabawa, kuma kamfanin bai san dukan tarihin ba lokacin da ya ɗauke shi. Wannan ya sa daga 2013 Amurka ta ce mataimakin matuƙi ma sai ya riƙe babban lasin, aka kuma kafa rumbun da ke tara tarihin kowane matuƙi.

A nan ne muke ganin ainihin sharaɗin wannan aiki, wanda ba a iya ƙirga shi da awa. Wanda za a gwada sau da yawa abokin aiki ne. An kwana a otal ɗaya da shi a ƙasashen waje, an san matarsa da 'ya'yansa, an san bashin da ya ci ya yi karatu. Wani lokaci ma ya girmi mai gwada shi. Kamfani kuma yana da jirage a ƙasa suna jiran matuƙa, kowane kyaftin da aka sauke asara ce gare shi. Duk wannan nauyi yana kan alƙalamin mutum ɗaya. Shi ya sa dokar Turai ta hana mai jarrabawa ya gwada wanda shi ne ya ba shi fiye da kashi 25 cikin 100 na horon da ake bukata, ta kuma ce ya janye duk lokacin da ya ji akwai abin da zai hana shi yin adalci, kamar dangantaka ko abota ko harkar kuɗi.

Mu Hausawa an tashe mu da kunya da kara da girmama na gaba, kuma abin alfahari ne. Sai dai ya kamata mu gaya wa 'ya'yanmu tun da wuri cewa a ɗakin tuƙi, yaron da ya ga jirgi yana karkata ya yi shiru don kada ya ɓata wa babba rai, bai yi ladabi ba. Ladabi a can shi ne ya faɗa da murya a fili, in ba a ji ba ya maimaita, in har yanzu ba a ji ba ya karɓi tuƙin. Mai jarrabawa kuma da ya ce a bar shi ya wuce ai mai iyali ne, ya manta da iyalan mutum 150 da za su zauna a bayan wannan kyaftin gobe. Faɗuwa a gwaji ba korar aiki ba ce, yawanci ƙarin horo ake ba mutum a sake gwada shi. Saboda haka wanda ya kayar da abokinsa a na'urar kwaikwayo, inda babu mai mutuwa, gata ya yi masa.

Ga iyayen da 'ya'yansu suka ƙwallafa rai a kan wannan hanya, muna da shawarwari 4. Na farko, kafin a sayar da gona ko shanu ko fili, a kai yaro wurin likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi, a yi masa gwajin lafiya mai daraja ta 1. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai wanda bai taɓa sanin ba ya bambance ja da kore sosai ba sai a ranar, akwai mai matsalar zuciya ko ta ji. Sanya tabarau kaɗai ba ya hana aikin muddin gani ya daidaita da shi. Kuɗin wannan gwaji ƙalilan ne in an kwatanta da na makaranta.

Na biyu, Turancin Ingilishi. Tun daga 2008 ICAO ta ce duk matuƙin da ke ƙetare iyaka sai ya ci aƙalla mataki na 4 cikin matakai 6 na iya magana da Ingilishi, kuma littattafan manyan jirage da shi aka rubuta su. Yaranmu da yawa makarantar Faransanci suka yi. A nan ƙasarmu muna da sa'ar da maƙwabta da dama ba su da ita, tun da harsunan 2 duka na hukuma ne. A yi amfani da wannan dama tun yaro yana sakandare, tare da lissafi da kimiyya.

Na uku, a binciki makaranta. Akwai Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, akwai makarantar kamfanin jiragen Habasha a Adis Ababa, akwai kuma makarantu da yawa a Afirka ta Kudu. Makarantar EAMAC ta Yamai kuwa masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi da injiniyoyi take horarwa, kuma waɗannan ma sana'o'i ne masu daraja ga wanda tuƙi ya fi ƙarfin aljihun gidansu. Kowace aka zaɓa, a je hukuma a tambaya a rubuce ko ta amince da ita, da yadda ake mayar da lasin ƙasar waje ya zama na gida. Kada a miƙa kuɗi ga dillalin da ya ce ya san wani a ciki.

Na huɗu, littafin awoyi. Kowane matuƙi yana da littafin da yake rubuta kowace tafiya, kuma shi ne dukiyarsa. Wanda ya ƙara awa 1 ta ƙarya, ranar da aka gano ya rufe wa kansa ƙofar koyarwa da ta jarrabawa. A watan Yuni na 2020, bayan haɗarin Karachi, ministan jiragen saman Pakistan ya shaida wa majalisa cewa matuƙa 262 cikin 860 akwai shakku a kan lasinsu. Turai ta hana kamfanin PIA shiga sararinta, kuma sai a ƙarshen 2024 aka ɗage haramcin. Masu gaskiya a cikinsu ma sun sha wahalar laifin da ba su yi ba.

Tafiyar tana da tsawo, ko shakka babu. Yaron da ya fara yana ɗan shekara 18, sai ya yi shekaru masu yawa kafin a ba shi alƙalamin gwada wasu. Amma sannu ba ta hana zuwa, kuma halin da ake nema a ƙarshen hanyar a gida ake fara koyonsa, tun daga ranar da aka aiki yaro kasuwa ya dawo da canji daidai. Masu ƙarin tambaya su aiko da wasiƙunsu ta ofishin wannan mujalla kamar yadda aka saba. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba aikin injiniyan da ke sa hannu kafin a bar jirgi ya tashi. Mu kwana nan.